Rijiyar da ke Ƙarƙashin Ɗakin Haihuwa

Da wata yamma abin ya fara, yamma irin ta kullum. Rana ta faɗa bayan sababbin benaye, hasken da ya rage a falo bai wuce na gane fuska ba. Injiniya yana sunkuye kan teburinsa, fensir a bayan kunne, yana manna wani guntun kwali a jikin samfurin ginin da ya cinye rabin falon.

Shi dai ba injiniya ba ne, mai zanen gine-gine ne. Lokacin da ya tare a unguwar ya ce wa maƙwabta shi mai zane ne, washegari sai ga mata biyu sun yi sallama suna tambayar ko akwai atamfa mai sauƙi. Tun daga ranar ya haƙura da sunan da unguwa ta ba shi.

Gidan shiru. Daga kicin ana jin ƙarar cokali ɗaya a kan faranti ɗaya, 'yarsa ce take cin abinci. Ita kaɗai gare shi, shi ya sa yake ce mata Tilo. Ta fara tasawa, ta yi tsawo, ta kuma yi ƙarancin magana.

Sai wani abu ya faɗo a kan kwanon rufi. Ƙas! Ya gangara a hankali, ya faɗi a tsakar gida.

Injiniya bai ɗago ba. Yaran unguwa ne, in ji shi a ransa. Na biyu ya sauka, na uku ya biyo. Ya fita ya leƙa titi, babu kowa sai wani mai keke yana wucewa can nesa. Ya tsinci dutsen. Baƙi ne, sumul, irin na gindin ruwa, kuma da ɗuminsa kamar yanzu aka sake shi daga tafin hannu.

Da ya koma ciki ya tarar da Tilo tsaye a ƙofar kicin. Ba tsoro ya gani a fuskarta ba. Kunne ta karkata, kamar mai jiran a sake kiranta.

Unguwar nan da gonaki ce. Gari ya yi ta matsowa, ya haɗiye gonakin ɗaya bayan ɗaya, gidaje suka tsiro ba tsari, mutane suka cika maƙil. An samu shaguna, an samu makarantu, an samu wurin wankin mota, amma babu asibiti ko na ɗaure yatsa. Wanda ciwo ya kama sai ya ratsa gari, ya bi ta gadar da motoci ke cushewa tun safe.

Haka matar Injiniya ta tafi. Naƙuda ta taso mata yana wani gari wajen aiki. Maƙwabci ya ɗauke ta a mota, ba su ma fita daga unguwar ba cunkoso ya tsayar da su a gefen wani fili da ba a gina ba. A nan jini ya ɓalle. Kafin hanya ta buɗe, ita da abin da ke cikinta sun riga mu gidan gaskiya. Shi kuwa ya iso ne ya tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida.

Ya rufe ɗakinta, ya jefa makullin a aljihun tebur. Bai sake aure ba, bai kuma sake ambaton ranar ba.

Saboda haka da kwamitin unguwa ya samu wannan filin, aka ce za a gina cibiyar lafiya, bai bari an nemi wani ba. Ya bi gida-gida yana tambayar abin da ake so. Mata suka ce wurin awo da na rigakafi, da inuwar da za a zauna ba a yi ta gasuwa a layi ba. Samari suka ce ɗakin motsa jiki. Tsofaffi suka ce a yi musu rumfa da dogon benci, a auna musu jini in an ga dama, amma dai a bar su su yi musu a kan labaran rediyo. Duk ya zana. Ya buɗe tagogi ta inda iska ke kaɗowa, ya yi gangare don masu keken guragu, ya ware kusurwar tankin ruwa.

Abu ɗaya ne bai yi shawara da kowa a kai ba. Ɗakin haihuwa ya ajiye shi dab da babbar ƙofa, yadda mota na tsayawa gado na nan. A daidai wurin kuwa akwai wata tsohuwar rijiya da ta ƙafe, ƙaya ta rufe bakinta. Ya sa aka sassabe, aka kafa turaku kewaye da ita, ya ce in an fara aiki a cike ta da ɓaraguzai.

Duk yammar da za shi awon fili da Tilo yake tafiya, don ba shi da wanda zai bar wa ita. Yakan ce ta zauna kar ta yi nisa. Ita kuma sai ta zauna a bakin rijiyar, jakar makaranta a cinya, har duhu ya fara haɗiye turakun, shi yana can yana jan igiya da leburori, ya manta da ita.

Jifan bai tsaya ba. Kullum rana ta faɗi sai ya fara. Mai shagon da ke kallon gidan ya tara samari suka hau katanga suna gadi, suna gani duwatsu na sauka, ba su ga hannun da ke wurgo su ba. Wata rana dutse ya faɗo a tsakiyar falo, silin kuwa ko tsaga babu. Samarin suka sauko sum-sum, kowa ya tuna yana da aike.

Daga nan mutane suka fara ja da baya. Mai kawo ruwa ya koma ajiye jarkoki a waje. Matan da kan aiko wa Tilo da ɗan abin taɓawa suka daina. In Injiniya ya fito, gaisuwa ce daga nesa, hannu a ɗage, ƙafa na sauri. Da ma gidan ba mai hayaniya ba ne, yanzu ya koma kamar an kife shi da ƙwarya.

Wata magariba ya dawo daga masallaci ya tarar da turakun filin nan jere a kan teburinsa, da jan fentin da ya shafa musu da hannunsa, gindinsu da ɗanyar laka, alhali ba a yi ruwa ba. Yana tsaye yana kallonsu sai ya ji dariya daga kicin.

Dariyar Tilo ce. Rabonsa da jinta tun uwarta na da rai. Ya matsa a hankali ya tsaya bayan ƙofa. Tana ba da labarin makaranta, yadda malamar lissafi ta zame a gaban aji. Sai wata murya ta amsa mata, muryar tsohuwa, a shaƙe, a gajiye, kamar daga cikin randa.

Ya tura ƙofar. Tilo ce kaɗai a kan kujera.

“Da wa kike magana?”

Ta dube shi, dariyar ta bushe a fuskarta. “Ba kowa, Baba.”

Ya kai ta wurin likita a can ƙetaren gada. Aka auna, aka duba, aka ce ba a ga komai ba sai rama da ƙarancin barci. Da suka dawo ya ɗaga waya ya kira yayarsa.

Gwaggo, kamar yadda Tilo ke kiranta, mace ce mai jiki da murya, ba ta iya ɓoye magana ba. Ta shigo da jakarta, ta dubi falon, ta dubi samfurin kwali, ta dubi ƙanenta.

“Kai yanzu nan gida ne ko ofis? Ina mutum zai ajiye ƙafarsa? Ka gina wa kwali ɗakuna goma sha, 'yarka ko kitson kirki babu a kanta.”

Ta zaunar da yarinyar tsakanin ƙafafunta ta fara tsefe mata kai, tana mita tana addu'a. Rana ta yi ƙasa. Inuwar katanga ta rarrafo ta rufe taga. Dutsen farko ya sauka a kan rufi, sai kan Tilo ya yi nauyi a hannun Gwaggo.

Yarinyar ta miƙe a hankali, ba irin miƙewarta ba. Bayanta ya ranƙwafa, hannu ɗaya a ƙugu, tana jan ƙafa. Ta je gaban samfurin ta tsaya. Ta ɗora tafin hannu a kan ɗan ɗakin da ke dab da ƙofa, ta danne shi har ya baje.

“Ka kwashe itatuwanka daga ɗakina,” in ji muryar tsohuwar nan, daga bakin Tilo.

Gwaggo ta saki salati, matajin ya faɗi. Yarinyar ta sulale ƙasa, idanu a kafe, jiki sanyi ƙalau.

Akwai wani malami a bayan kasuwa, tsoho siriri, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a koyarwa, yanar ido ta fara rufe masa ido ɗaya. Ba ya son a ce masa mai maganin aljanu, yakan ce shi karatu kawai yake yi, mai warkarwa daban. Washegari bayan la'asar Gwaggo ta zo da shi. Ya ƙi zama a kujera, ya nemi tabarma da ruwa a kofi. Ya saurari labarin duka bai katse ba, sannan ya dubi Injiniya.

“Abu ɗaya zan roƙe ka. In ta yi magana, za ta haɗa gaskiya da ƙarya ta dama, ba mai iya raba su. Kada ka nemi komai a wurinta.”

Aka kwantar da Tilo, kanta a cinyar Gwaggo. Malam ya fara karatu, murya ƙasa-ƙasa, ba gaggawa. Hasken taga ya yi ja, ya yi toka. Ba a yi jifa ba ranar. Can yatsun yarinyar suka fara rawa, ta juya kai, ta yi wani dogon nishi.

“Ya isa, yaro. Kana ƙona ni.”

“Sallama gare ki, baiwar Allah,” in ji Malam. “Furfurata ba ta hana ki ce mini yaro ba?”

“Na ga kakan kakanka yana rarrafe.”

“To, ke babba ce, kin san abin da kike yi zalunci ne. Me yarinyar nan ta yi miki?”

Da muryar ta dawo, ta yi laushi.

“Ba ta yi mini komai ba. Zama ta yi a bakin ɗakina tana kuka ba sauti. Na ce mata sannu, ta amsa. Ka san rabon da wani ya amsa mini?” Ta ja numfashi. “Mu da yawa ne a da. Aka sare itatuwa, wasu suka tafi. Aka cike tafki, wasu suka tafi. Aka kawo fitilu da injuna masu kuka. Mijina ya mutu, 'ya'yana suka bi dangi can bayan duwatsu. Ni na ce ba ni barin inda na binne nawa. Na zauna. Sai ga wannan ya zo da igiya da jan fenti, wai zai zuba mini shara a ka.”

Gwaggo, duk da tsoron da take ji, sai da ta share ido da bakin mayafi.

“Na ji,” in ji Malam. “Amma jikin nan ba naki ba ne. Ki fita.”

“Zan fita. Ya janye ɗakinsa zuwa can baya. Fili ai da faɗi.”

Malam ya dubi Injiniya. Injiniya ya buɗe baki, muryarsa ta fito a dushe. “Ba zai yiwu ba. Ta baya mota ba ta shiga, rami ne da magudana. In na kai shi can, sai an ɗauko mace a hannu an ratsa tsakar gini da ita. Ba zan zana wannan ba.”

Kan yarinyar ya juyo gare shi sannu a hankali. Idanun a rufe suke, amma ya ji ana kallonsa.

“Na san abin da ke cinka,” in ji ta. “Farar mota, a gefen filina. Ina nan ranar. Ina jin komai.”

Ya matso kusa da ita.

“Ta yi magana kafin ta tafi. Da kai take. Ka bar mini rijiyata, in gaya maka abin da ta ce, kalma-kalma.”

“Injiniya,” in ji Malam, a hankali.

Bai ji shi ba. Shekarun nan duka abin da ke hana shi barci ke nan. Ta kira shi? Ta yi fushi da ba ya nan? Ta yafe masa? Maƙwabcin da ya tuƙa motar ya ce shi hankalinsa na kan hanya, daga baya ma ya tashi daga unguwar. Ga amsa yanzu a gabansa, tazarar hannu. Abin da za a biya kuwa layi ne kawai a takarda, ya goge ya ja wani, ba wanda zai tambaye shi dalili.

Ya dubi fuskar da maganar ke fitowa daga cikinta. Leɓunan 'yarsa sun bushe sun tsage. Ƙashin wuyanta ya fito. Rabin kanta a tsefe, rabi da tsohon kitso. Bai san yaushe ta rame haka ba.

“Ba na so,” ya ce. Hawaye ya zubo masa, bai share ba. “Ki riƙe. Ɗakin yana nan inda na sa shi, don kar wata ta sake mutuwa a bakin titi. Ki ba ni 'yata.”

Wata ƙara ta fito daga ƙirjin yarinyar, ba ta fushi ba, ta wanda aka rufe wa ƙofa ta ƙarshe. Kwanon rufi ya yi girgiza. Malam ya ɗaga murya da karatu, yana yayyafa ruwa, har gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

“Tsaya! Tsaya, zan tafi. A yanka mini ko da...”

“Ko kaza ba za a yanka ba,” in ji Malam. “Jini ba naki ba ne.”

“To kar a zuba musu shara. Nawa suna ƙasa.”

Wannan karon Injiniya bai jira Malam ba. “Ba za a zuba ba. Zan sa a share ta, a rufe bakinta da kankare mai tsabta, ginin ya tsallake ta. Ba abin da zai taɓa ƙasan.”

“Wannan ba laifi,” in ji Malam. “Alheri ne, ba fansa ba. Ke kuma ki bi 'ya'yanki. Ki yi alkawari da wanda ya halicce ki ba za ki dawo ba, ba jikinta ba, ba gidan nan ba.”

“Na tsufa. Ban san ko zan gane hanya ba.”

“Wanda ya kai su zai kai ki.”

Ta yi alkawarin, kalma na bin kalma da ƙyar. Sannan hannun yarinyar ya ɗago da kansa ya shafi kumatunta, shafa irin ta kaka.

“Yarinyar kirki ce,” in ji muryar, tana nisa. “Tana da labari da yawa.”

Tilo ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki. A waje aka fara kiran salla. Ta buɗe ido ta ce ƙishirwa take ji.

Tun daga ranar ko tsakuwa ba ta sake faɗowa ba. Injiniya ya cika alkawari. Ya sake lissafin harsashi, ya sa ginshiƙai suka ɗauki nauyin ɗakin ta gefe da gefe, ya tsaya da kansa har aka ɗora murfin rijiyar. Leburori suka yi ta gunaguni a kan ƙarin aiki, shugaban kwamiti ya tambayi dalili, ya ce masa rami in an cike shi yakan zauna daga baya ya tsaga daɓe, wanda kuma gaskiya ne. Bulo ya fara hawa. Maƙwabta suka dawo da gaisuwa ta kusa, mai ruwa ya koma shigowa har tsakar gida.

Amma Tilo ba ta dawo daidai ba. Tana ci, tana zuwa makaranta, ta fara murmurewa. Sai dai in rana ta faɗi takan zauna a dokin ƙofa ta yi tagumi. Gwaggo ta ce a bar ta, jinya ce. Shi ya san ba jinya ba ce, kewa ce. An raba ta da wadda ke sauraronta, kuma shi ya raba su.

Wata yamma, ana gobe Gwaggo za ta koma gidanta, ya ajiye fensir ya je ya zauna kusa da ita a dokin ƙofar. Wurin ya yi musu kaɗan, kafaɗa na gugar kafaɗa. Ya rasa ta inda zai fara.

“Ta tafi da gaske, Baba?”

“Ta tafi.”

Ta gyaɗa kai. “Gwaggo ta ce ta so ta gaya maka maganar Mama, ka ƙi.”

“Haka ne.”

Tilo ta sa yatsa tana zane a ƙasa. “Ai ni ma ina cikin motar.”

Ya sani. Tun ranar ya sani. Shi ne ma ya karɓe ta daga hannun matar maƙwabci, rigarta duk jini. Ya ɗauka in bai taɓa wurin ba za ta manta, ta yi ƙanƙanta a lokacin. Ashe ita jira take yi.

“Kanta a cinyata yake,” in ji ta. “Ba ka taɓa tambayata ba.”

Da ƙyar ya ce, “Me ta ce, Tilo?”

“Ta ce in an kira ka, a ce maka kar ka yi gudu a hanya. Wai ta san halinka da mota.”

Wani sauti ya kuɓuce masa, rabi dariya rabi kuka. Ya rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunsa na rawa. Yarinyar ta dube shi, sannan ta jingina kanta da damtsensa.

Gwaggo ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu za ta ce abinci ya sauka. Ta gan su, ta koma da baya.

Da ya samu numfashi ya goge fuska da hannun riga.

“Sai me kuma ta ce?”

Tilo ta gyara zama.